Kwalin Taliya, Jan Fenti da Lissafin Aji Shida

Aji 6 nake koyarwa a wata firamaren gwamnati da ke bayan gari a Kano, kuma yaran da ke gabana sun haura 80. Da wuya ka sami gida cikin gidajen da suka fito wanda babu mai cin abinci a kan titi. Wannan babansa direban adaidaita sahu ne, wancan yayansa kwandasta ne, ga 'yar mai faci, ga ɗan bakanike, ga wanda babansa ke jan tirelar siminti, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Yaron da za ka tambaya 7 sau 8 ya tsaya yana ƙirga kwanon rufi, shi ne da yamma zai karɓi kuɗin fasinjoji uku masu sauka wuri daban-daban, ya ba kowa canjinsa kafin direba ya sa giya. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa a zangon da ya wuce na ɗauki babin siffofi da awo da gudu da lambobi masu ɗigo, na ce bari in koyar da su da alamomin titi, in ga ko lissafin tasha zai yarda ya shigo aji.

Hedimasta ne ya fara taka mini birki.

"Malam, yara tamanin za ka jera a bakin kwalta? In wani ɗan adaidaita ya kwashe ɗaya, wa za a zo nema, ni ko kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba za mu je titi ba, a bar ni in kawo titin cikin aji."

Ya ce wannan ba ruwansa, muddin ban nemi ko sisi daga ofis ba, kuma ban saki manhaja ba. Da gaskiyarsa, don haka muka rabu a kan haka.

Tattara alamomin kansu shi ya fara zama aiki. A unguwarmu wasu 'yan jari-bola sun riga kowa, sai dai ka ga ƙarfen a tsaye babu kai, wani wurin ma har ƙarfen an yanke. Waɗanda suka tsira kuma an lulluɓe su da fastar ɗan takara ko tallar maganin basir. Sai da na riƙa bin manyan hanyoyi, hanyar Zariya da ta Katsina da ta filin jirgi, ina ɗaukar hoton duk wadda na samu da waya. Sauran kuma wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana ce ta cike giɓin. Tana cikin ƙungiyar kiyaye haɗurra ta masu yi wa ƙasa hidima, sai ta aro mana ɗan littafin dokokin hanya na 'yan rod sefti, wato hukumar nan ta kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988. Buga hotuna masu launi ya fi ƙarfin albashina, saboda haka na je wurin mai shagon layinmu ya tara mini kwalayen taliya, wani mai rubutun allunan talla kuma ya ba ni ragowar fenti ja da rawaya da shuɗi a gwangwanayen madara. Yaran za su yi alamomin da hannunsu. A lokacin rashin kuɗi ne ya sa na yi haka, amma rabin lissafin a wurin yankan kwalin ya fito.

Na raba su rukuni-rukuni, na fara da abin da littafin ya faɗa, cewa siffar alama ita kanta magana ce tun kafin a karanta abin da ke ciki. Alwatika mai jan baki gargaɗi take yi. Da'ira umarni ce, mai ja tana hani, shuɗiya tana tilastawa. Mai kusurwa huɗu bayani take bayarwa, sunan gari ko nisa ko inda asibiti yake. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba, da yawansu sun riga sun san rabin abin daga bakin iyayensu.

Alamar tsayawa, jar nan mai gefe takwas da aka rubuta STOP a jikinta, ita ta riƙe mu. Na ba kowane rukuni kwali mai gefe huɗu daidai, santimita 30 kowane gefe, na ce su fitar mini da ita. Kusan dukansu dabara ɗaya suka yi: suka raba kowane gefe gida uku, santimita goma-goma, suka datse kusurwoyin huɗu da almakashi. Ido na gani ya ce ta yi. Gefe takwas ne, babu musu. Sai na ce a sa rula. Gefe huɗu suka ba da 10, huɗun da almakashi ya bi a karkace suka ba da 14 da 'yan kai. Nan take aka soma neman mai laifi.

"Malam, wallahi shi ne bai iya yanka ba, hannunsa rawa yake."

Na ce to su leƙa na maƙwabtansu. Kowane rukuni 14 ya samu, har da rukunin 'yar tela da yankanta ya fi na kowa kyau. Suka yi tsit na ɗan lokaci, sannan wata yarinya daga baya ta ce ai ko a fili, wanda ya ratsa ta tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi wanda ya bi gefe ɗaya tafiya. Ban ambata musu sunan wata ƙa'ida ba, wannan na ƙaramar sakandare ne, zai same su a can. Abin da nake so shi ne su daina yarda da ido har sai rula ta sa baki.

Hanyar da ta ɓulle mai sauƙi ce. Muka ɗaura zare a ƙusa, muka ɗaura fensir a ɗaya bakin, muka zana da'ira a takardar buhun siminti muka yanke. Aka ninke ta biyu, aka sake ninkewa, aka sake. Da aka buɗe, ga layuka sun raba ta gida takwas daidai, sai kawai a haɗa bakunan layukan da rula. Zagaye ɗaya digiri 360 ne, a raba takwas, kowane yanki 45. Daga nan muka koma kan alwatika: kowa ya yanki tasa yadda ya ga dama, siririya ko mai faɗi, ya yage kusurwoyinta uku ya jera su baki da baki, kullum sai su kwanta a miƙaƙƙen layi, wato 180. Ta gargaɗin titi gefenta uku daidai suke, don haka kowace kusurwa 60. Da suka ja layuka daga kusurwa ɗaya ta mai gefe takwas ɗin zuwa sauran, alwatika shida suka fito. Shida sau 180 ya ba da 1,080, a raba takwas, 135. Aka ɗora ma'aunin kusurwa, ɗan rabin watan nan na cikin akwatin lissafi (guda biyu gare mu a ajin gaba ɗaya, bi da bi ake yi), ya nuna 135 ɗin. Wani yaro har da kabbara.

Na tambaye su me ya sa ita kaɗai ce mai gefe takwas. Maimakon in ba da amsa, na tsaya a ƙarshen baranda na riƙa ɗaga kwalayen ta baya, inda babu fenti sai hoton taliya. Da'ira ba su san wacce ba ce, alwatika ma haka, amma mai gefe takwas da alwatikar da ke tsaye a kan tsininta, ta ba da hanya, daga nesa suke kiran sunansu. Ko hazo ya rufe ta, ko fenti ya koɗe, ko direban bai taɓa shiga aji ba, siffar ta isar da saƙo.

Ranar da na ɗaga jar da'ira mai 50 a ciki, na ce, "Motar da ta wuce wannan alamar, gudu nawa take yi?" Aji gaba ɗaya ya ɗauka: "Hamsin!" Sai 'yar wani direban bas ta ɗaga hannu.

"Malam, Baba ya ce hamsin ɗin iyaka ce. In ka ga dama ka yi talatin."

Da alli na ja dogon layi a ƙasan ajin daga 0 zuwa 120, na sa kwalin a kan 50. Ina kiran lamba, wanda na nuna ya je ya tsaya a kanta, sauran su yanke hukunci: ya tsira ko ya ci tara. Da 30 da 80 babu gardama. Da na kira 50 cif, aji ya rabu biyu, aka yi ta ka-ce-na-ce har ɗan ajin maƙwabta ya leƙo. Waɗanda suka ce ya tsira su suka yi nasara, da hujjar cewa an ce kada ka wuce, ba a ce kada ka kai ba. A nan na rubuta musu alamar ≤ a allo, kuma ban sake shan wahalar bambanta musu ita da < ba, abin da a shekarun baya sai in yi ta maimaitawa har makogwarona ya bushe. Na kira 0, aka yi dariya, aka ce motar a fake take, ba ta karya doka ba. Na kira 50 da rabi, aka ci shi tara. Wani mai ƙiriniya ya ce to 50 da rabin rabi fa? Shi ma tara. Ya ci gaba da rabawa har ya gaji, bai sami lambar da ke manne da 50 ba, kuma na bar shi da wannan damuwar da gangan.

Littafin yana da jadawalin iyakar gudu. Ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas 90 a tagwayen hanya, tanka da tirela 60. Ɗan mai tirelar siminti ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, sittin? Ai Baba ko da lodi…" Sai ya kama bakinsa. Na yi kamar ban ji ba.

Matsalar "kilomita 50 a awa ɗaya" ita ce yaro bai san tsawon kilomita a jikinsa ba, awa kuma ta yi masa nisa. Don haka muka farfasa ta. Kilomita 50 mita 50,000 ne. Awa ɗaya minti 60, kowane minti sakan 60, sakan 3,600 ke nan. Rabawar ta ba su wuya, sai da muka soke sifirai muka bi ta a hankali, amma ta fito: mita 14 saura kaɗan a kowane sakan. Muka fita filin makaranta da tef ɗin magina, muka auna igiya mai mita 14 muka shimfiɗa. Tsawon ajinmu mita 9 ne, ke nan igiyar aji ɗaya da rabi ce. Na ce kowa ya ce "ɗaya". Kafin ku rufe baki, mota ta cinye wannan igiyar. Muka sa wanda ya fi kowa gudu a ajin, ɗan ƙwallon da ke taƙama babu mai kamo shi, sai da aka ƙirga masa uku kafin ya kai ƙarshe. Sannan muka ƙara wata igiyar don gudun 100, mita 28 saura kaɗan, ta kai har gindin darbejiyar da masu sayar da awara ke zama. Yawancin yaran nan sai sun tsallaka kwalta sau biyu kullum, saboda haka ba sai na yi wa'azi ba.

A kan wannan igiyar na ɗora musu abin da tsofaffin direbobi suka sani a tafin ƙafa: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke ja kafin mota ta tsaya ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. In ya ninka uku, tara. Mai gudun 80 yana bukatar ninki huɗu na filin mai 40, mai 120 kuma ninki tara. Ta nan lamba sau kanta ta shigo, 2 sau 2, 3 sau 3, kuma ta shigo da dalili.

Darasin da ya fi kowane daɗi a wurina na hanyar Zariya ne. Daga Kano zuwa Zariya wajen kilomita 150 ne, na ɗauki 150 ɗin don lissafi ya zo da sauƙi. In alama ta ce 100, awa nawa? Suka ce awa ɗaya da rabi, daidai. Ɗan wani direban da ke lodin Zariya ya ce ƙarya ne, babansa bai taɓa zuwa a haka ba. Na ce ya ba mu labarin hanyar. Ya fara jerowa: cunkoson Na'ibawa kafin a fita gari, sauke fasinja a Kura, shingen bincike, a sha mai, a tsaya Kwanar Dangora wani ya yi fitsari, Tashar Yari ranar kasuwa. Ya ce lokacin da ake aikin sake gina hanyar, wanda aka fara a 2018, in aka haɗe motoci a hannu ɗaya sai a yi ta jan ciki. Muka ba kowace tsayawa mintinta a allo muka tara. Da kansu suka ga cewa abin da allurar maleji ke nunawa a wani lokaci daban, nisa a raba da dukan lokacin tafiya daban.

Sai na ɗana musu tarko. Direba ya tafi Zariya da gudun 100, ya dawo da 50 saboda lodi. Matsakaicin gudunsa nawa? Kowa ya ce 75, har da 'yar bautar ƙasar da ke zaune a baya tana duba littattafai. Muka lissafa. Tafiya awa ɗaya da rabi, dawowa awa uku, jimla awa huɗu da rabi. Nisa 300. A raba, 67 saura kaɗan. Aka ce a sake, aka sake, bai canja ba. Wata yarinya ce ta gano bakin zaren, ta ce ai ya fi daɗewa yana tafiyar hawainiya, dole ta rinjayi ɗayar. Ni kaina ban taɓa faɗarsa a taƙaice haka ba.

Muka juya tambayar: nawa mai ƙure maleji yake ci? A kilomita 150, mai 100 zai yi minti 90, mai 120 zai yi 75. Ribarsa minti 15. A cikin gari kuwa, tafiyar kilomita 5 da gudun 50 minti 6 ce, da 70 minti 4 da 'yan sakanni, ribar ba ta kai minti 2 ba, kuma danja ɗaya ta isa ta ƙwace ta. Na ba su wannan a matsayin aikin gida, su kai wa duk mai tuƙi a gidansu. Washegari amsoshin iyaye sun fi na yaran ban dariya. Wani uban ya aiko a gaya wa Malam cewa minti 15 lodi ɗaya ne a tasha, in wani ya riga ka shiga layi ka yi asarar yini. Ban da abin cewa, domin shi ma lissafi ne, kuma ba ya cikin littafina.

Duwatsun simintin gefen hanya, inda suka rage, fuska ɗaya tana nuna nisan garin da ke gaba, ɗayar na garin da aka baro. Muka yi namu da kwali: Kano 45 a nan, Zariya 105 a can. Na gaba Kano 60, ɗaya fuskar a rufe. Ba su ɓata lokaci ba suka gane jimlar biyun ba ta motsi, duk abin da wannan ya samu wancan ya rasa. Na fara rubuta akwati a wurin lambar da ta ɓuya, daga baya na share akwatin na sa harafi, babu wanda ya firgita.

Unguwar Mil Tara da ke hanyar Katsina ta ba mu hanyar shiga awon da. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, ke nan mil tara kilomita 14 da kusan rabi, ko a riƙe cewa kowane mil 5 kilomita 8 ne. Ɗan bakanike ya ƙara mana abin da ya sa wannan ya wuce tarihi: motocin da ake shigowa da su daga Amurka, manyan lambobin malejinsu da mil suke ƙirga. Direban da ya ga alamar 50 ya kai allurarsa kan 50 a irin wannan motar, 80 yake yi bai sani ba. In yana son ya bi doka, allurar ta tsaya wajen 30.

Ɗigo shi ne ciwon kan kowane malamin aji 6 da na sani. Na zana gada da alamar tsayi, mita 4.5, na kawo tirela mai lodin da ya kai mita 4.25. Za ta wuce? Fiye da rabin aji suka ce ba za ta wuce ba, tunda 25 ta fi 5. Mu da muka taso lokacin da kwabo ke sayen abu, a kasuwa muka koyi wannan, kowa ya san naira huɗu da kwabo hamsin ta fi naira huɗu da kwabo ashirin da biyar. An shigo da naira da kwabo a 1973, amma yaran yanzu ba su taɓa riƙe kwabo ba, kuma littattafan har gobe da shi suke ba da misali. Santimita ce ta maye gurbinsa. Da tef ɗin tela muka mayar da 4.5 mita 4 da santimita 50, 4.25 kuma mita 4 da santimita 25, muka yi alama biyu a jikin bango. Tirela ta wuce, da ragowar santimita 25. Sai na ɗora mata buhu ɗaya a sama mai kaurin santimita 30, suka tara da kansu, 4.55, suka ce ta maƙale.

Ta nauyi kuma, gadar da aka rubuta tan 30. Buhun siminti kilo 50 ne, tan ɗaya kilo 1,000, buhu 20 ke nan. Ɗan mai tirela ya ce lodin babansa buhu 600. Aka raba da 20, tan 30 cif, aji ya ce ta tsira, tunda sun riga sun koyi cewa kaiwa iyaka ba laifi ba ne. Ina shirin wucewa sai wata ƙaramar yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, motar fa? Ita ba ta da nauyi?" Wannan ranar ita ta riƙe allin har aka tashi.

Ƙirgar ababen hawa a ƙofar makaranta, don zana jadawalin sanduna, ba ta yi armashi ba. Hayaniya ta yi yawa, kuma adaidaita ta yi wa kowa fintinkau har sandarta ta fice daga takarda. Abin da ya ɗan tsira shi ne rarraba lambobin mota bisa launin rubutu, shuɗi na masu zaman kansu, ja na haya, kore na gwamnati. Amma a nan ne maigadinmu, dattijo da ya yi karen mota a ƙuruciyarsa, ya ga kwalin shataletale mai kibau uku a hannun yara, ya ce an juya kibau. Na ce, "Baba, ai haka suke." Ya ce a zamaninsu ba haka ake zagayawa ba. Ya zauna a bencinsa ya ba su labarin ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, ta yi daidai da Nijar da Kamaru da Cadi da Binin, yadda direbobi suka riƙa tafiya a ɗarare kamar sababbin koyo. Muka ɗora kwalin a gaban madubi, ga shataletalen Baba ya fito. Muka juya kwalin a kan ƙusa, sau uku yana komawa kamanninsa a zagaye ɗaya, kowane juyi digiri 120.

Kada wani malami ya ɗauka wannan hanyar ta ɗauke masa haddar sau. Wanda bai iya 7 sau 8 ba, da kwali da babu kwali bai iya ba, kuma rabawar 50,000 da 3,600 ta tona asirin mutane da yawa. Kullum sai mun yi minti goma na hadda kafin a fito da kwalaye. Ga kuma jarrabawa, wadda da Turanci take zuwa, babu gada babu tirela, sai lambobi tsirara. A gwajin farko na ga yaran da suka ci tambayar gada a aji sun faɗi ita ɗin dai da aka tuɓe mata riga. Daga nan kowace tambaya sau biyu nake rubuta ta a allo, hagu da labarinta da Hausa, dama yadda za ta zo a takarda, in sa su ja layi tsakanin abin da ya yi daidai da wane. A gwajin ƙarshen zango babin ɗigo da na gudu sun fi na shekarun baya kyau a idona, babin kusurwoyi kuma da sauran aiki.

Alamar da na bari ƙarshe ita ce ta hawa da gangara, alwatika mai 10% a ciki. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Gwauron Dutse, yawancin yaran ba su taɓa ganin hanyar da ke sa tirela kuka ba, sai labarin Hawan Kibo na hanyar Jos zuwa Akwanga da suke ji a bakin direbobi. Ma'anarta ita ce a kowace mita 100 da ka ci gaba, ka hau mita 10. Muka auna mita ɗaya a ƙasa, muka ɗaga bakin katako santimita 10 da guntun bulo. Suka kalli abin suka raina shi, kusurwar ba ta kai digiri 6 ba. Ɗan mai ga-ruwa ne ya kare mutuncin katakon, ya ce duk wanda ya taɓa tura kura cike da jarkoki ya san irin wannan ɗan tudun, a hawa ya fasa maka ƙirji, a gangara kurar ce ke jan ka.

Gardamar ta biyo ni har ɗakin malamai. Wani abokin aikina, malamin kimiyya, ya ce in 10% ke nan, to 100% bango ne a tsaye. Na ɗauko katakon, muka auna mita ɗaya a ƙasa, muka ɗaga bakinsa mita ɗaya, aka sa ma'aunin kusurwa: 45. Ya ce to bangon fa, kashi nawa ne? Na ce bango ba ya cin gaba ko taƙi ɗaya, da me za ka raba? Ya ce ke nan akwai hawan da ya wuce ɗari bisa ɗari? Muka ɗaga mita biyu a kan mita ɗaya, 200%, kusurwa ta ba da 63 da ɗan ɗori, har yanzu ba a kai bango ba. Bai gamsu a ranar ba, ya ce zai je ya duba. Ranar Litinin ya aiko ɗan ajinsa a ba shi aron katakon da tef, har yau bai dawo da tef ɗin ba.